Wa Zai Ce Wa Ɗan Wasa Ya Tsaya?

Sharhinmu na yau a kan 'yan wasa yake, sai dai ba a tsakiyar fili za mu tsaya ba. Gefen fili za mu leƙa, inda kyamara ba ta cika haskawa ba. A can koci yake zaune, da likita, da mai tausa. A bayansu akwai dillalin da ya kawo yaron, da shugabannin hukuma, da iyaye, da 'yan uwa, da abokai. Kowannensu yana da hannu a rayuwar matashin nan da muke yi wa tafi. Magana ɗaya nake so mu riƙe har ƙarshen shirin. Baiwa ta ɗan wasa ce, amma lafiyarsa da makomarsa suna hannun waɗanda ke kewaye da shi. A cikinsu kuwa, wanda ya fi kowa amfani shi ne wanda zai iya ce masa ya tsaya, kuma a saurare shi.

Bari mu fara da likita, domin a nan ne maganar take zama ta rai da mutuwa. Dattawan cikinmu ba za su manta da ranar 12 ga Agusta, 1989 ba. Najeriya na karawa da Angola a babban filin wasa na Surulere da ke Legas, ana neman gurbin shiga Gasar Kofin Duniya. Ana cikin wasa, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi. Bai sake tashi ba. Shekarunsa 25 kacal. Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ce ta gaza. Shekara bakwai bayan haka, sai ga Nwankwo Kanu. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, shi ya farke wa Najeriya ƙwallo a ragar Barazil ana dab da tashi, shi kuma ya ci ta nasara. Najeriya ta wuce ta ɗauki zinare. Kanu yana ganiyarsa, ƙungiyar Inter Milan ta Italiya ta saye shi daga Ajax. Duk wanda ya kalle shi a lokacin, lafiyayye yake gani. Amma da likitocin Inter suka auna shi, sai suka gano nakasa a wata mashigar jini ta zuciyarsa. Suka ce ba zai buga ba. Ku duba nauyin wannan magana. Ƙungiya ta zuba kuɗinta. Magoya baya sun ƙagu. Shi kansa yaron ba ya jin ciwon komai. Duk da haka aka ce ya tsaya, kuma aka tsaya. Aka yi masa tiyata a birnin Cleveland na Amurka a ƙarshen wannan shekarar. Ya warke, ya dawo, ya koma Arsenal, ya ci kofuna. Ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Daga baya ya kafa gidauniya mai taimakon yara masu ciwon zuciya. Matsalar Kanu a ɗakin likita aka gan ta. Ta Okwaraji a tsakiyar fili ta bayyana. Duk abin da Kanu ya cim ma bayan 1996, daga wannan kalma ta "tsaya" ya samo tushe.

To, wani zai tambaya, me ya sa shi ɗan wasan ba zai tsayar da kansa ba? Amsar tana cikin irin tarbiyyar da wasa ke yi wa mutum. Tun yana ƙarami ake koya masa ya cije. Wanda ya yi raki, a ce masa rago. Wanda ya zauna a benci yana ganin wani na neman ƙwace masa gurbi. Ga kwantiragi na shirin ƙarewa. Ga gida ana jiran aike. Mutumin da ke cikin wannan hali, ko ƙafarsa ta kumbura, cewa zai yi lafiya lau. Wani lokacin ma ba ya cikin hayyacin da zai iya yanke hukunci. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, ɗan wasan Jamus Christoph Kramer ya yi karo da ɗan Ajantina, ya bugu a kai. Aka duba shi, aka bar shi ya ci gaba. Ya yi ta gudu a fili na kusan kwata na awa kafin ya zube a fitar da shi. Alƙalin wasan ya faɗa daga baya cewa Kramer ya matso kusa da shi yana tambaya wai ko wannan ne wasan ƙarshe. Jama'a, wanda bai san wasan da yake bugawa ba, ta yaya za a bar masa zaɓin ci gaba ko fita? Dole wani ne daga waje zai yanke.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Shi wanda zai yanke ɗin, wa ke biyansa albashi? Likitan ƙungiya ma'aikacin ƙungiya ne. Ƙungiya kuwa maki uku take so a yau. Masu bin gasar Firimiya ta Ingila za su tuna abin da ya faru a Chelsea a watan Agustan 2015. Suna wasa da Swansea, an riga an kori mai tsaron ragarsu. Eden Hazard ya faɗi dab da tashi, alƙali ya yafito masu jinya. Likitar ƙungiyar, Eva Carneiro, ta ruga tare da abokin aikinta. Bisa doka, wanda aka duba dole ya fita waje na ɗan lokaci. Koci Jose Mourinho ya fusata, ya soke su a bainar jama'a. Aka cire ta daga zaman benci, ba a jima ba ta bar aikin. Ta kai ƙara, aka sasanta a 2016, ƙungiyar ta ba ta haƙuri. Aikinta ta yi, amma da kujerarta ta biya. Idan haka ta faru a ƙungiya mai arziki, a idon duniya, to yaya ƙaramin likita a ƙaramar ƙungiya? Saboda haka samun likita kawai bai wadatar ba. Sai an ba shi ikon da koci ba zai taka ba.

Yanzu mu juya ga na biyu, wato masu ba ɗan wasa abin da zai sha ko a yi masa allura. Ɗan tsere ba masanin haɗa magani ba ne. Duk inda aka kama ɗan wasa da ƙwayar ƙara kuzari, akwai hannun da ya miƙa masa. Blessing Okagbare tana cikin manyan 'yan guje-guje da tsalle-tsalle da Najeriya ta taɓa yi. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ta yi nasara a zagayen farko na tseren mita 100. Kafin zagaye na gaba aka dakatar da ita, saboda an samu haramtaccen sinadari a jininta. Hukuncin da ya biyo baya ya haura shekara goma. Ga ɗan tsere, wannan rufe littafi ne. Daga baya wani mutum a jihar Texas ta Amurka, Eric Lira, ya amsa a gaban kotu cewa shi ke samar wa 'yan wasan Olamfik irin waɗannan magunguna. Shi wata uku aka yanke masa a gidan yari. Ita kuwa sana'arta ta tafi gaba ɗaya.

Wannan magana ta iso har ƙofar gidanmu. Ku dubi fagen dambe a Kano ko Sakkwato, ko kokawar takobi a Nijar. Ɗan dambe ba ya shiga fage shi kaɗai. Akwai ubangidan da ya raine shi. Akwai mai naɗa masa kara a hannu. Akwai makaɗi da ke kiran takensa da kalangu, da maroƙa, da masu liƙi. Waɗannan mutane su ne ƙarfinsa, ba musu. Kiɗa na tsuma shi, ubangida na koya masa dabara. Amma a ce ya sha naushi a kai, ya tashi yana tangaɗi, idanunsa ba sa tsayawa wuri guda. Kalangu na kira, 'yan kallo na ihu, an zuba kuɗi. A wannan lokaci wa zai riƙe masa hannu ya ce ya isa haka? Idan kuma wani ya miƙa masa tramol don kada ya ji zafin duka, to ya cuce shi. Zafi shi ne hanyar da jiki ke sanar da mutum cewa an yi ɓarna. Wanda ya kashe zafin bai gyara ɓarnar ba. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ma ta haramta tramol a lokacin gasa tun daga farkon 2024. Ubangidan kirki shi ne wanda ya fi son yaronsa ya rasa turmi ɗaya da ya rasa hankalinsa.

Akwai kuma cutar da ta fi wannan muni, wadda sai da nauyin baki ake faɗinta. Iko a hannun koci ko likita kan zama tarko ga yara, musamman mata. A Amurka, likitan 'yan wasan alkafura na ƙasar, Larry Nassar, ya shafe shekaru yana cin zarafin 'yan mata da sunan magani. A 2018 mata sama da 150 suka tsaya gaban kotu suka ba da bayani. Wasunsu sun kai kuka tun shekaru da dama kafin nan, ba a saurare su ba. A Mali ma, a 2021, bincike ya bankaɗo yadda aka riƙa cin zarafin 'yan mata masu buga wa ƙasar ƙwallon kwando. Darasin iri ɗaya ne. Mugu ɗaya ba ya daɗewa sai da shirun mutane da yawa. Inda yarinya ba ta da wanda za ta gaya wa ba tare da tsoron rasa gurbinta ba, to ba ta da kariya.

Mu matsa zuwa na uku, wato kuɗi da dillalai. Yau kusan kowace unguwa akwai yaron da ke mafarkin buga ƙwallo a Turai. Wannan mafarki ya zama kasuwa. Mutum zai zo da jaka da takardu, ya ce yana da hanya. Ya nemi kuɗin biza, da na jirgi, da na gwaji. Uba ya sayar da gona, uwa ta sayar da 'yan awakinta. A kai yaro wata ƙasa, a ajiye shi a masauki, dillali ya kashe waya. Biza ta ƙare, kunya ta hana shi dawowa gida hannu rabbana. A 2015 BBC ta ba da rahoton yara daga Afirka ta Yamma, ciki har da 'yan Laberiya, da aka kwasa zuwa wata ƙungiya a ƙasar Laos. Wasunsu ba su wuce shekara 14 ba. Hukumar FIFA ta hana cinikin ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga ƙasa zuwa ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Ta kuma dawo da jarrabawa da lasisi ga wakilan 'yan wasa a 2023. Amma doka tana can nesa. Wanda ke kusa shi ne uba ko kawu da zai ce a dakata a bincika. Ina lasisin? Ina takardar gayyata daga ƙungiyar? Me ya sa mu za mu biya, alhali su ke neman yaron?

Har hukumomi ma suna cikin masu kewaye da ɗan wasa, kuma sakacinsu na kashe gumin shekaru. A Tokyo ɗin nan dai, 'yan wasan Najeriya goma aka hana shiga gasa. Ba a kama su da shan komai ba. Gwaje-gwajen da doka ta ce a yi musu kafin gasa ne ba a kammala ba. Ɗaya daga cikinsu, Favour Ofili, ta sake cancantar tseren mita 100 a Olamfik ta Faris a 2024, sai aka tarar ba a shigar da sunanta ba. Shekara da shekaru na atisaye, takarda ɗaya ta rushe su.

Jama'a masu saurare, na san akwai masu ja da wannan magana. Bari mu ba su haƙƙinsu ɗaya bayan ɗaya. Na farko zai ce, ai ɗan wasa baligi ne, shi ke da alhakin kansa. Gaskiya ne. Dokar wasanni ma haka ta ce, duk abin da aka samu a jikinka kai za a tuhuma. Ba wanda ke wanke Okagbare daga laifinta. Amma a duba shekarun da ake shiga wannan harka. Yawancinsu tun suna yara ake raba su da gida da makaranta. Kamila Valieva ta Rasha shekararta 15 lokacin da batun ƙwaya ya taso mata a gasar Olamfik ta hunturu a 2022. An dakatar da ita shekara huɗu. Yarinya mai shekara 15, a ƙarƙashin koci da likitoci, ita ke zaɓar abin da ke shiga bakinta? Alhakin ɗan wasa yana nan. Sai dai bai sauke alhakin manyan da suka fi shi sani da iko ba.

Na biyu zai ce, ai ba a zama gwarzo da lallashi. Sai an matsa, sai an sha wuya. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Atisaye wahala ne, kuma kocin da ba ya matsa wa yaransa bai san aikinsa ba. Amma matsi kashi biyu ne. Akwai wanda ke gina jiki, akwai wanda ke cinye shi. Masana motsa jiki sun daɗe da tabbatar da cewa a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa bayan wahalar atisaye. Raunin da aka koma fili da shi bai warke ba, shi ke dawowa ya fi na farko. Saboda haka kocin da ya san lokacin cewa "ƙara" dole ya san lokacin cewa "tsaya". Wanda ya iya ɗaya kawai, rabin koci ne.

Na uku zai ce, ai ajali ne, in kwana ya ƙare ba likitan da zai hana. Mun yi imani da haka. Amma malamanmu sun koyar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. A watan Yunin 2021, Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili suna wasa da Finland, zuciyarsa ta tsaya. Kyaftin ɗinsu Simon Kjaer yana cikin waɗanda suka fara isa kansa. Likitoci suka iso nan take da na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Abokan wasansa suka kewaye shi don kare mutuncinsa daga kyamara. Da ikon Allah ya farfaɗo. Bayan wata takwas ya dawo buga ƙwallo, har ya je Kofin Duniya a Qatar. Allah ne ya raya shi, amma ta hannun mutanen da suka shirya tun kafin ranar. Filin da ba motar asibiti, ba na'ura, ba wanda ya iya taimakon gaggawa, kada a ɗora wa ƙaddara abin da sakaci ya jawo.

Na huɗu shi ne mafi nauyi a wurinmu. Zai ce, to iyaye da dangi fa, ba su da haƙƙi a kan ɗansu? Suna da shi, kuma babba. Zumunci abin alfaharinmu ne. Sadio Mane ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu Bambali a Senegal, duniya ta yaba masa. Amma a tuna, kasuwar ɗan wasa gajeriya ce. Yawanci kafin ya kai arba'in ta watse, rauni ɗaya ma na iya tashinta a yini guda. Abin da ya tara a 'yan shekarun nan shi zai ci har tsufa. A 2015 Emmanuel Adebayor na Togo ya fito a Facebook ya zayyana rikicin kuɗi tsakaninsa da danginsa. Ɓangarensa muka ji, amma 'yan wasan Afirka da dama sun san irin wannan nauyi. Idan gida ya mai da ɗa saniyar tatsa, to ranar da nono ya ƙafe kowa zai sha wuya, har masu tatsar. Ɗan uwa na gari shi ne mai ce masa ya ajiye wani abu, ya koyi sana'a, ya yi tanadin gobe.

Goben nan kuwa tana zuwa wa kowa. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya, a ragar Bulgeriya a 1994. Wa zai manta shi riƙe da raga yana kuka yana kirari? Shi ne gwarzon Afirka na 1993. Amma shekarunsa na ƙarshe a Ibadan cikin kaɗaici ya yi su, har ya rasu a 2012 yana da shekara 48. Lokacin da yake cin ƙwallo, ƙasa guda ke kiran sunansa. Da tafi ya ƙare, taron ya watse. A ranar da ɗan wasa ya daina kawo kofi da kuɗi, a ranar ake sanin su wa ke tare da shi don Allah.

Saboda haka, masu saurare, ga saƙona gare ku. Ya kai uba, ya ke uwa, idan ɗanku na da baiwar wasa, ku mara masa baya, amma kada ku cire shi daga makaranta, kuma kada ku sayar da gona a kan alkawarin baki. Ya kai koci na ƙungiyar unguwa, yaron da ya bugu a kai ka fitar da shi, ko da kofin zai tafi. Ya ku shugabannin ƙungiyoyi da masu gidajen dambe, ku auna lafiyar yaranku kafin kaka ta fara, ku tanadi mai taimakon gaggawa a bakin fili. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk mai cin moriyar gumin ɗan wasa, kula da lafiyarsa ta hau kansa. Mu ma 'yan kallo a gidajen kallon ƙwallo, mu rage zagin wanda ya ce ba shi da lafiya. Kai kuma matashi ɗan wasa, ka duba mutanen da ke kewaye da kai. Masu ce maka "ci gaba" ba za su yi maka wuya ba. Ka nemi mutum ɗaya da abincinsa bai rataya a ƙafarka ba, wanda zai iya gaya maka gaskiya mai ɗaci. In ka same shi, ka riƙe shi da kyau.

Allah Ya kare mana matasanmu, Ya haɗa su da mutanen kirki.